Yadda Aka Kai Surukina Gaban Jirgi

Har yau akwai masu zuwa shagona a kasuwar Tamanrasset don su ji sirrin. An gaya musu ni ne mutumin da ya sa aka ɗauke surukinsa daga bayan jirgi aka kai shi kujerar manya, ba a ƙara ko dala ba. Sai mutum ya sayi sabulu guda, ya jingina da kanta, ya rage murya ya ce, "Don Allah Malam, wace addu'a ce?" Haushi suke ba ni, wallahi, don in na faɗi gaskiya ba sa yarda.

Surukina mutumin Damagaram ne, irin na da. Ya riga ni zuwa garin nan da daɗewa, yana sayar da yadi. Tun da na auri ɗiyarsa ba mu taɓa zama kan tabarma ɗaya ba. In na je gidansa, tun daga bakin zaure nake tuɓe takalmi, in tsuguna, in kafa wa ƙasa ido. Shi kuma sai ya juya wajen bango ya ce, "An kwana lafiya?" In ce, "Lafiya lau, Baba." Shi ke nan, hira ta ƙare. In akwai wata magana, matata ce ke kai ta ta kawo amsa. In na hango shi a layin kasuwa sai in faɗa shagon da ya fi kusa. Akwai ranar da na tsinci kaina cikin shagon kayan kwalliyar mata, na tsaya ina taya jan baki har ya wuce.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Da farko yadi yake kuskurewa, ya miƙa shuɗi a ce kore ake so. Daga baya har kofin shayi sai ya laluba. Likita ya ce aikin sai a Alje, babban birnin ƙasar, aka ba shi rana, aka kuma ja mana kunne cewa in ranar ta wuce jiran zai yi tsawo, idon kuwa ba zai jira ba. Ƴaƴansa maza duk suna gida Nijar. Matata tana da tsohon ciki, ba ta hawa jirgi. Aka duba dama aka duba hagu, ba wanda ya rage sai ni.

Na je buron da ake yankar tikiti. Wata Balarabiya ce a wurin, mai kirki, kirkin nata ne ma ya jawo mini bala'in. Ta duba takardar likita, ta yi murmushi, ta ce ta haɗa mu wuri ɗaya, ga ni ga babana. Na ce a'a, ta raba mu, in da hali ta sa ni can kusa da makewayi. Ta dube ni kamar wanda zai je ya yar da tsoho a daji. Ta ce wanda ba ya gani dole mai rakiyarsa ya zauna gefensa, haka doka take, sai fa in a gaba ne, inda ma'aikata ke kula da mutum shi kaɗai. Na tambayi kuɗin gaban. Da ta faɗa sai na yi mata sai an jima.

Matata ta kai labari gidansu, ta dawo ido jawur. Ta ce, "Baba ya ce a gaya wa masu shirya tafiya, in dai cinya za ta gogi cinya, makanta ta fi masa sauƙi."

Na ce, "Wasa yake."

Ta ce, "Yaushe ka taɓa jin Baba ya yi wasa?"

Gaskiyarta. Ta kama kuka, ta ce ita burinta ya ga abin da za ta haifa da idonsa. Na ce ta koma ta ce masa za a san yadda za a yi. Ni kaina ban san yadda za a yin ba.

Kashegari na buɗe shawara a kasuwa, kuskuren da ba zan sake ba. Mutanen da ko ƙofar filin jirgi ba su taɓa takawa ba duk suka zama malamai. Mai sayar da waya ya ce sirrin a sutura yake, in suka ga mutum cikin kostim da karabat, shigar Turawa, kunya suke ji su ajiye shi a baya. Mai dabino ya ce ƙarya ne, babbar riga ce, kuma a ninka ta. Wani ya ce in riƙe jakar hannu irin ta ma'aikata, ko da ba komai ciki. Wani magini ɗan Maraɗi ya rantse ya ji a waya cewa in ka ce amarci za ku, nan take ake kai ku gaba.

Na ce, "Ni da surukina? Kai, Allah ya shirye ka!"

Ya ce, "To ai ni abin da na ji na faɗa."

Da yake na rasa na zaɓa, sai na haɗa duka, ban da amarcin. Mai waya ya ara mini kostim ɗinsa, ga shi ƙato ne, ya yi biyuna. Hannun rigar ya haɗiye yatsuna, wandon kuwa sai da na ɗaure shi da igiyar buhu daga ciki. Tsoho kuma matata ta jibga masa riguna, wata kan wata, ta naɗa masa rawani, ta ɗora masa baƙin tabarau. Aka ƙunsa kilishi don mai duba tikiti.

Da hantsi muka isa filin jirgi. Tun da ba zan riƙe hannunsa ba, sanda muka yi amfani da ita, ni na kama kai ɗaya a gaba, shi ya kama ɗayan a baya. Haka muka shiga, ni ina jan wando ina zufa, shi yana tafe kamar rumfa. Na ajiye jakar banza a kan kanta da ƙarfi don a ji, na tura ƙunshin kilishi, na tattaro ɗan Faransancin da na tsinta a makarantar lekkol, na ce wannan babban mutum ne, ko akwai wuri a gaba.

Mai duba tikitin ko kai bai ɗaga ba. Ya jawo kilishin, ya yi godiya, ya ce, "Makash." Wato babu. Ya miƙo mini kujerunmu na farko, manne da juna.

Ban gaya wa tsoho ba. Da wane baki? Muka hau.

Kujeru uku ne a jere. Jikin taga wani Buzu ne dattijo, ya ja rawani har hanci, daga baya na ji manomin lambu ne daga Tazrouk. Yarinyar da ke zaunar da mutane ta kama hannun tsoho ta kai shi ta tsakiya, ta ce mini da Larabci, "Kai kuma nan, kusa da shi." Ashe tsoho yana jin wannan Larabcin. Ya ƙame a tsaye. Ni kuwa jikina ya yi abin da ya saba, na zame takalmi na tsuguna a tsakiyar hanya, da karabat ɗina da komai.

Na roƙi Buzun da Hausa ko zai shiga tsakaninmu. Ya yarda. Yarinyar ta ce ba a yi. Tsoho ya juya wajen akwatin kaya na sama ya ce, "Ko an sa mutum a tsakiya, ai tabarmar ɗaya ce."

Bayana layi ya cika. Masu jaka, masu jarirai, kowa na masifa da harshensa. Wata mata ta buga mini gwiwa a baya. Yarinyar ta ce in tashi, na ce ba na tashi babba na tsaye. Ta ce wa tsoho ya zauna, ya ce ba ya zama. Sannan ya laluba ya kama sandarsa, ya ce a hankali, "A mayar da ni gida."

Na san muryar nan. Na hango matata, na hango ranar likita tana wucewa, saboda faɗin kujera. Tsoro ya kama ni, haushi ma ya kama ni, na tsoho da na kaina da na duk wanda ya ƙera jirgi bai yi shawara da mutanen Damagaram ba.

Babban ma'aikacin jirgin ya kutso yana tambaya ko wani ne ya suma. Buzun nan, Allah ya saka masa da alheri, ya yi masa bayani da Larabci. Ya ce wannan mijin ɗiyar wancan ne, ba sa zama tare, ba sa ci tare. Ya ƙara jan rawaninsa sama ya ce su ma haka suke, shi da za a haɗa shi da nasa surukin, ta taga zai fita. Ma'aikacin ya dube ni a tsugune, ya dubi tsoho, ya dubi agogo. Ya ce, "Ya Hajj, zo." Ya kama tsoho ya wuce da shi gaba, aka ja labule.

To kun ji sirrin. Ba kostim, ba kilishi. Hanya na tare.

Na zauna na miƙe ƙafa, na yi hamdala. Jirgi ya tashi, duwatsun nan namu suka koma ƙanana. Ba a jima ba sai ga yarinyar da faranti na gaske, da kaza da cokalin ƙarfe, ta ce Hajj ya ce a kai wa na baya. Ina ni ina cin abincin surukina? Na ce ta mayar, a ce an gode. Ta dawo da shi, wai an ce ba a mayar da kyautar babba. Na sake mayarwa. A zuwa na gaba ta dangwarar da shi gaban Buzu, shi kuwa ya sa hannu ƙarƙashin rawani ya share shi tas.

Sai jirgin ya fara rawa. Ya faɗa, ya taso, ya sake faɗawa, kamar tsohuwar mota a kan hanyar Silet. Salati ya tashi ta ko'ina. Da abin ya lafa sai na ga labule ya motsa. Ga tsoho nan tafe, tabarau a karkace, yana dafa kawunan mutane, yarinyar na biye da shi tana magiya. Ashe ya ce mata can gaba ba kowa kusa da shi, in mutuwa ta zo ba mai jin shahadarsa, a kai shi cikin mutane. Ta gaji da mu ƙwarai. Ta ce wa Buzu ya tashi ya koma gaba. Mutumin da bai roƙi komai ba, da silifas ɗinsa, shi ya ƙare a kujerar manya bayan ya cinye kazarsu.

Tsoho ya zauna a gefena. Cinya ta gogi cinya. Na daina numfashi.

Ya laluba ya damƙi hannuna, tafinsa sanyi ƙalau. Ya ce, "Bawan Allah, ni ba na gani, ban san ko wane ne kai ba. Kana jin Hausa?"

Ya sani sarai. Ko ba komai ai hannun kostim ɗin mai waya ya riƙe. Na kumbura murya kamar mai mura na ce, "Kaɗan kaɗan, Alhaji."

Ya ce, "Madalla." Ya zaro burodi daga aljihun ɗaya daga cikin rigunan, ya raba biyu ya miƙo mini. "Ci. Baƙo ba ya jin kunyar baƙo a hanya." Na ci. Ban taɓa tauna abu da wuya haka ba.

Ya yi ta magana. Ya ce ya ratsa hamada a kan buhuna bai ji tsoro ba, amma wuƙar likita tana hana shi barci. Ya ce yana so ya ga jikansa. Sannan ya ce, "Akwai wani yaro da ke auren ɗiyata. Shi ya kawo ni, yana nan wani wuri cikin jirgin. Yaron kirki ne, sai dai saurin fushi, kuma in yana gudun mutum shagon jan baki yake shiga." Na kusa shaƙewa da burodi. Ya ƙara matse hannuna. "Ka san wani abu, bawan Allah? Ban taɓa kallon fuskarsa sosai ba. Da ina da ido, kunya ta hana. Yanzu ina so in gani, ido ya tafi. In aikin nan bai yi ba, shi ke nan, ban san kamannin wanda zan bar wa ɗiyata ba."

Hawaye ne kawai suka yi ta zuba kan karabat ɗin aro. Bai saki hannuna ba har muka sauka. Da ƙofa ta buɗe ya miƙo mini kan sanda, ya ce wa kujerar gabansa, "A yi gaba."

Aka yi aiki. Ranar da za a kwance masa bandeji ina tsugune bakin ƙofar ɗakin, takalmi a gefe, kai a ƙasa. Na ji likita na tambayarsa yatsu nawa, ya faɗa daidai. Can sai na ji tsoho ya ce, "Na bakin ƙofa, a ɗaga kai."

Na ɗaga. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, tun daga goshi har haɓa, idon na ta ruwa. Ni ma ranar na fara ganin ashe yana da tabo a gira.

Ya ce, "Ashe haka hancin yake. Allah ya sa jaririn ya ɗauko na uwarsa."

Sai ya juya wajen bango ya ce, "An kwana lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau, Baba."

Da aka haihu, shi ya fara karɓar yaron, ya kai shi bakin zaure wajen haske ya duba. Matata ta kawo mini saƙo, wai a gaya wa wasu mutane addu'ar ba ta ci ba, amma ba komai, an saba da hancin.