Harbin da Ya Sauko da Dogo

Dogo ake ce masa, ko da yake ba wani tsawo ne da shi ba. Hannunsa ne ke kaiwa inda na wasu ba ya kaiwa. Da ubansu ya rasu, ya bar musu amyoyin ƙudan zuma a kan itatuwan bayan gari, shi da ƙanensa Auta, da wani ɗakin tace zuma a ƙuryar gida. Dogo ne mai hawa. Sai ya tura hayaƙi a hankali har ƙudan su lafa, ya yanko saƙar da suka toshe da kaki, ya bar musu wadda ba ta nuna ba. Auta na ƙasa da igiya da bokiti. A gida matar Dogo ta matse, ta tace da farin ƙyalle, ta ɗura a kwalabe.

Harbi kuwa ya sha shi har ya daina damunsa. In ya ga Auta na tsalle yana sosa ƙeya, sai ya yi dariya ya ce, "Gaishe ka suka yi, ka amsa mana."

Ranar da abin ya faru, ko kusa da itace bai je ba. Yana wanke bokiti da hantsi, guda ɗaya tak ta harbe shi a wuya. Kafin ya miƙe leɓensa ya kumbura, numfashi ya sarƙe. Ranga-ranga aka kai shi asibiti.

"Jikinka ya daina ɗauka, Baba," in ji likita. "Wani harbin zai iya zama ajalinka."

"Ƙuda ɗaya?"

"Ɗaya ma ya isa."

Sai Auta ya koma hawa. Dogo ya koma ɗakin tacewa yana taya matarsa, amma ƙamshi na jawo ƙudan ta taga. Ranar da ɗaya ta sauka a kafaɗarsa, matar ta saki ƙyallen ta fashe da kuka.

"Maigida, don girman Allah ka fita. Taurin kanka ba zai mayar da 'ya'yana marayu ba."

Aka kafa masa tebur a bakin titi da kwalabe rufaffu. Nan ya zauna yana korar ƙudan gida da kwali. Auta mutum ne mai gaggawa, nunanna da ɗanya duk yankowa yake yi. Zumar ta zama ruwa-ruwa, in ta kwana biyu ta yi kumfa ta yi tsami. Masu saye suka riƙa dawo da ita, kuma Dogo suke tararwa.

Ya yi wa ƙanen magana cikin lalama. Auta ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Yaya, kai dai ka huta. Mu da muke sama mu muke ganin abin da ke ciki."

Wannan "mu" ɗin ta fi masa harbin ciwo.

Da damina wani taron ƙudan zuma ya sauka a kan mangwaron tsakar gidansa, dunƙule guda baƙi ƙirin, irin wanda mai amya ke yi wa addu'a. Matarsa ta tura shi ɗaki ta sa sakata ta waje, ta aika a kira Auta. Ta gilashin taga Dogo ya ga ƙanensa ya turnuƙe su da hayaƙi kamar mai gasa bulo.

"Rage hayaƙin!" Ya riƙa bugun taga da tafin hannu. "Kai, Auta! Kanga amyar ta ƙasa tukuna!"

Ba wanda ya waiwayo. Ƙudan suka tashi gaba ɗaya, suka tsallake katanga. Da aka zare sakatar, an same shi zaune a bakin gado.

Bai sake zama a teburin nan ba. Yanzu gadi yake yi a wani shagon siminti, yana dawowa gida fari fat kamar an tono shi. Duk ɗiba Auta kan aiko masa da kwalba ɗaya, matarsa ta karɓa ta yi godiya, shi kuma ya ce a miƙa wa maƙwabta.