Kujerar Douwe a Teburin Alhamis

Shekara talatin da biyu Douwe Hoekstra ya yi yana dillancin shanu a kasuwar Leeuwarden, kuma abu ɗaya aka san shi da shi: kallo ɗaya zai yi wa mutum ya san abin da ke cikinsa. Ko matarsa Aukje ba ta taɓa iya ɓoye masa fushi ba. Da ya bar kasuwa, abin da ya rage masa shi ne kartar ranar Alhamis a gidan shan kofi na bakin gada, su huɗu, shi da amininsa Wiebe a ɓangare ɗaya tun suna samari.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Bayan wata biyar ƙafa ta dawo, hannu ya dawo, magana tar. Kowa ya ce ya warke. Likita ce ta ja Aukje gefe ta ce saboda inda ciwon ya taɓa a ƙwaƙwalwa, zai yi wuya ya ƙara gane abin da wani ke ji ko yake tunani.

Haka kuwa aka yi. A wajen karta yana ɗauka Wiebe ya san katunan da shi Douwe ke riƙe da su, in bai buga daidai ba sai faɗa. Makon da Wiebe ya binne ƙanwarsa, Douwe ya yi ta yi masa tsiya kan kati ɗaya, mutum na share hawaye, shi ko a jikinsa. Aukje ta bi su gida-gida tana bayani, suna gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Bayan mako biyu suka aiko cewa an daina wasan.

Wata Alhamis Aukje da Douwe suna dawowa daga sayen burodi, ta hango su Wiebe ta tagar gidan kofin suna karta, ga wani baƙo a kujerar Douwe. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta banka ƙofa.

"Kai Wiebe, wannan ne wasan da aka daina?"

"Aukje, ki gane mana, mutumin ya canza."

"Shi ciwo ne ya hana shi ganin hawayenka. Kai uban me ya same ka? Munafukan banza!"

Douwe kuwa ya shigo yana fara'a, ya gaisa da kowa, har ya leƙa hannun baƙon yana ba shi shawara. Babu wanda ya iya ɗaga ido. Abin da ya fi cin ran Aukje ke nan: an ci amanar mijinta, kuma ita kaɗai ce za ta yi masa fushin.

A hanya ya karɓi burodin daga hannunta ya ce, "Kin gani ko? An dawo da wasa. Ranar Alhamis ki goge mini rigata mai ruwan toka."