Mai Fararen Kaya na Ɗakin Ƙasa

Farar lema na fara hangowa ta taga, ana yayyafi a layinmu na unguwar Levenshulme, a ƙasar Turawa. A ƙarƙashinta wani dogon mutum ne, fari fat daga hula har takalmi. Ni da na tashi da littattafan soyayya a ƙarƙashin matashi, nan take zuciyata ta ce ga shi nan ya iso. Ashe sabon ɗan haya ne a gidan da nake haya, ɗakin ƙasa ya kama.

Ɗan Kuba ne. A kicin ya ba ni labarinsa da gurguwar Ingilishi. Ciwo ya kusa kai shi kabari, sai aka shigar da shi addinin kakanninsa, Santeriya, wanda ya ɗan yi kama da borinmu. Sharaɗin shi ne shekara guda cikin fararen kaya. Ba ya musabaha, ba a taɓa jikinsa, ba ya karɓar abu hannu da hannu, kansa kuma ba ya zama a buɗe. Ya yi imani in ya karya, ciwon zai dawo ya tafi da shi. Na yi a'uziyya a zuci, amma ban fasa yin tuwon madara ina ajiye masa a kan teburi ba.

Yayana, ɗan wan babana, direban tasi ne a unguwar Sparkbrook ta garin Birmingham, mutum mai saurin hannu. Matarsa ta tsegunta masa cewa ba ni da zance a waya sai na maƙwabcina. Wata Asabar da hantsi sai ga shi.

A soro suka haɗu. Yaya ya ga farar hula, ya ɗauka musulmi ne, ya miƙa hannu da sallama. Mutumin ya rungume hannuwansa a ƙirji ya sunkuyar da kai.

"Kai, kuturu ne ni?" in ji Yaya.

"Yaya, addininsa ne ya hana," na ce daga matakala.

"Wane addini?"

Yaya ya tura ƙofar ɗakin mutumin da ƙafa. A bayanta akwai wani dunƙulen siminti mai siffar kan mutum, an yi masa idanu da baki da wuri, irin na kuɗin da. Shi ne mai tsaron ƙofa a wurinsu, kuma da zaƙi ake girmama shi. A gabansa ga farantin da matar Yaya ta ba ni, da tuwon madarata a ciki.

"La'ilaha! Sammu! Shi ya sa kika zama sakarya!"

Marin farko ni na sha shi, har leɓena ya fashe. Sannan ya juya. Ya shaƙo wuyan mutumin, duwatsun ado da ke rataye a wuyansa suka tsinke suka watse a ƙasa kamar gero. Ya buga kan mutumin da bango, ya sake bugawa. Na ji ƙarar a haƙorana. Mutumin ya fi Yaya tsawo da ƙirji, da ya so da naushi ɗaya ya isa, amma hannayensa biyu suna kan hular, ya danne ta.

"Rama mana, matsafin banza! Ina aljanun naka?"

Ya kai shi ƙasa ya hau shuri, a ciki, a haƙarƙari, a fuska. Na riƙe rigarsa ina cewa, "Yaya don girman Allah, za ka yi kisa!" Ya wurgar da ni na bugu da hitar ɗumama gida. Ya sunkuya yana ɓanɓare yatsun mutumin daga hular ɗaya bayan ɗaya, har na ji ɗaya ya yi ƙas. Da ya kasa, sai ya ɗauki dunƙulen simintin nan ya maka masa a kunnen hagu.

Jini ya bi wuya ya jiƙe farar rigar har cibiya. Yaya ya tsaya yana haki, yana kallon hannunsa. Maƙwabta ne suka kira 'yan sanda.

Kafin motar asibiti ta zo na durƙusa kusa da mutumin da tawul. Ya buɗe ido ɗaya, baki cike da jini, ya ce in ajiye a ƙasa, zai ɗauka da kansa. Na ajiye. Ya lallaɓa ya ɗauka da hannun da bai karye ba.

Bai dawo gidan ba. Wata tsohuwa 'yar ƙasarsu, wadda ta shigar da shi addinin, ita ta zo ta kwashe kayansa. Ta durƙusa a soro tana tsince duwatsun, ko kallona ba ta yi ba. Na tambaye ta ko shekarar tasa ta lalace. Ta ce wanda aka yi wa da ƙarfi ba shi ya karya ba, za ta wanke masa kai da ruwan ganye ya ci gaba.

Bayan shekaru, na yi aure ina zaune a Birmingham, na gamu da tsohuwar a asibiti. Ta ce ya cika shekararsa, ciwon bai dawo ba. Yana unguwar Aston, nan Birmingham, yana aiki a gidan burodi, da mata da 'ya'ya. Kunnen hagu dai ya mutu, sai an zagayo ta dama ake yi masa magana.