Jirgin Kaya a Ɗakin Wankin Ƙoda

Shekarar da ƙodar 'yata ta fari ta daina aiki na san cikin wani jirgi da babu shi a duniya, har na fi sanin lungunansa a kan na kasuwar Azare, inda na tsufa ina sayar da hatsi.

Tana karatu a jami'a aka dawo mana da ita, ƙafafu a kumbure, fuska ta yi suntum. Likita ya ce sai wankin ƙoda, kuma ya gaya mana gaskiya cewa wankin jinkiri ne kawai kafin a samu mai ba ta tasa. Mahaifiyarta ba ta iya kallon jini yana bin roba zuwa inji, ranar farko ma faɗuwa ta yi aka fitar da ita. Sai jinya ta dawo kaina. Ni kuwa ban taɓa zama kusa da yarinyar nan haka ba. 'Yar fari ce, akwai kunya, gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Tana da kwamfutar da take karatu da ita, a ciki akwai wani wasa. Da yake hannunta na hagu na ɗaure da allurai, ba ta iya yin sa ita kaɗai. Wata rana ta tura min kwamfutar, ba ta dube ni ba, ta nuna min madannan da zan riƙa dannawa. Ni ne ƙafafun mutumin da ke cikin wasan, ita ce idonsa da hannunsa.

Jirgin sararin samaniya ne, amma ba na yaƙi ba. Na wani kamfani ne, yana jigilar ma'adinai daga wata duniya. Da na ga rumbunan kaya a jere da ƙugiyoyin lodi, na ce mata ai wannan tirela ce kawai aka rataya a sama. Ta yi dariya, karo na farko tun dawowarta. Ma'aikatan jirgin duk sun mutu, wani abu ya shiga ya cinye su, sai makanike guda, wato mu. Fitilu na ƙiftawa. A ɗakin cin abinci ga kofuna nan a kan tebur, wani ya bar rigarsa a jikin kujera. Abin kuma yana tafiya a cikin silin, kana jin ƙafafunsa kafin ka gan shi. Ni da na yi furfura, sai in ji gumi na bin bayana, in ruga da mutumin cikin bango. Nas-nas ɗin har leƙowa suke yi.

Abin da ya fi ba ni haushi kamfanin ne. Muryarsu na fitowa ta lasifika a kai a kai, ta fassara min: a tsare kaya tukuna, taimako na nan tafe. Taimakon bai zo ba. Akwai kuma ɗakin shan magani na jirgin, mai gadaje da robobi a rataye. Duk sanda hanya ta bi ta nan, sai ta kawar da kai ta ce in danna kawai in wuce.

Burinmu shi ne mu kai can ƙasan jirgin, inda ƙananan jiragen tsira suke. Ni kuma a waje ina ta gwaje-gwaje, don na riga na yanke cewa tawa za a cire. Ranar da sakamako ya fito, likita ya ce ina da ciwon suga da ban sani ba, ba za su taɓa ni ba. Mahaifiyarta jininsu bai zo ɗaya ba, ƙannenta kuma ƙanana ne. Na koma na zauna a gefen gadonta ban gaya mata sakamakon ba, muka ci gaba da wasa. Ranar muka kai ƙasan. Ƙofa ta buɗe, ramukan jiragen duk wayam, guda ɗaya da ya rage ya ƙone.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Baba, sun ce taka ba za ta yi ba, ko?"

Na ce haka ne. Ta rufe kwamfutar.

Daga nan ta ce ta gama zuwa asibiti, a bar ta a ɗaki. Mahaifiyarta ta yi kuka, liman ya zo ya yi nasiha, ta juya fuska bango. Jikinta ya fara cika da ruwa, numfashinta ya koma sama-sama. Ni kuwa na hau babur na shiga dangi, Chinade, Itas, duk inda jininmu yake. Ban san akwai roƙon da ya fi wannan nauyi ba. Mutum zai shimfiɗa maka tabarma, ya kawo fura, da ka faɗi abin da ya kawo ka sai ya sunkuyar da kai ya ce zai yi shawara da iyali. Ban ga laifin kowa ba. Amma a hanyar dawowa na sha tsayawa gefen gona don ba na ganin gabana.

Da dabara ta ƙare min, na ɗauki kwamfutar na tafi da ita shago. Da tsakar rana, tsakanin buhunan gero, ina danna madannaina ina laluben nata. Ba na jin Turancin. Abin nan na cikin silin ya yi ta kashe ni har na daina firgita. Masu ciniki su yi sallama su gaji su tafi, maƙwabcina ya ɗauka na taɓu. So nake kawai in samu wata magana da zan shiga ɗakinta da ita, wadda ba ta asibiti ba. A ƙarshe na ga wani murfi a bayan murhun ɗakin girkin jirgin, na faɗa ciki bisa kuskure, sai ga ni a wani sashe da ba mu taɓa gani ba.

Na same ta a kishingiɗe, leɓe ya bushe. Na ce jirgin bai ƙare a inda muka tsaya ba, akwai hanya. Ta ce in nuna mata. Na ce hannu ɗaya nake buƙata, kuma a can asibiti muka saba yi. Ta gane wayon, ta harare ni, amma da safe ta yarda aka ɗauke ta zuwa mota.

Ana cikin haka ƙanin mahaifiyarta ya iso daga rugarsu ta wajen Gamawa. Ban je wurinsa ba, don na san shi kaɗai ke bin shanun gidansu. Labari ya ji a kasuwa. Ya tsaya a ƙofar ɗakin wankin da sandarsa, ya ƙi shiga da takalmi. Tambaya ɗaya ya yi wa likita, da Fulatanci, matata na fassarawa: bayan an cire, zai iya bin shanu? Aka ce zai iya. Ya ce to a duba shi.

Tasa ta yi. A Kano aka yi aikin, ya koma ruga kafin damina ta sauka. Ita tana gida yanzu, tana shan magani safe da yamma, ba ta koma makaranta ba tukuna. Ko zazzaɓi kaɗan ta yi, sai in rufe shago in nemi mota.