Gemuna Ya Dawo

Jama'ar Talata Mafara da kewaye, bayan dogon shiru, ga muhimmiyar sanarwa: gemuna ya dawo. Fari fat ya fito, amma nawa ne.

Abin ya fara da ɗan kullutu a wuya, sai zufa da rama. A asibitin Sakkwato suka yanki ɗan nama suka gwada. Likita ta ce, "Baba, ciwon daji ne. Amma irin da ke jin magani."

Na tsorata ƙwarai. Na gargaɗi Hajiya, uwar 'ya'yana, kada kowa ya ji. Dubiya, a ganina, gulma ce da ledar lemu.

Shekaru na yi ina koyar da yadda ƙwayar halitta ke rabuwa biyu. Cibiyarta na da katanga. In lokaci ya yi katangar sai ta rushe, a raba kayan gado daidai, kowane ɓangare ya gina tasa. Nawa ƙwayoyin sun kama rabuwa ba hutu. Maganin da ake ɗura mini a jijiya kuwa lokacin yake jira, ya damƙe su katanga a ƙasa. Sai dai tushen gashi ma haka yake rabuwa da sauri. Gemu ya bi ruwan alwala.

Ga amai, ga kasala. Shanun nomanmu sun ƙare a kantin magani, allurai kuwa da saura. Na fara tunanin dainawa.

Sai ga Malam Sani, aminina, takanas daga Maradun. Ba dubiya ba, nasiha ya zo yi.

"Haba Malam Bala! Da girmanka ka aske gemu? Mi yas same ka?"

Daga bayan labule Hajiya ta ce, "Malam, ba aska ba ce, daji ne. Shi ya hana a faɗa."

Hawaye ya jiƙa wa Malam Sani nasa gemun. Daga nan labari ya bazu. Kafin Juma'a, ɗalibaina na Bakura sun haɗa gudummawa, wani ya ba da motarsa. Na ƙarasa alluraina.

Gwajin ƙarshe ya fito tas. Alhamdulillahi.

Na gode Hajiya. Na gode Malam Sani, har da wa'azin.

In kun ji kullutu, ko ba ya ciwo, ku tafi asibiti. Kada ku yanke magani don kun galabaita. Kuma ku faɗa wa mutanenku.

Batun dubiya kuwa, na yi kuskure. Ku kawo lemun.