Injin Kafinta da Ƙyauren Maɗaci

Da aka zo rabon kayan mijina, ni aka ba injin da ba ya aiki.

Mijina kafinta ne, kuma Kafinta nake kiransa har ya mutu. Shi kuwa Guntuwa yake ce mini, domin ko na yi ɗage ban kai kafaɗarsa ba. Muna zaune a wani ƙauye bayan Kwoi, muna noman citta kamar kowa, amma yawancin aikinsa a mishan yake: bencin majami'a, tagogin ɗakin shan magani, akwatin gawa in an yi rashi. A shekarun da aka bar fam da sule aka koma naira, Baturen da yake aiki a ƙarƙashinsa ya tashi komawa ƙasarsu, ya bar masa injin huda katako mai batir. Ba waya, ba komai. Ka zaro batirin daga mariƙin, ka zaunar da shi a kan caja ranar da aka ta da janaretan mishan, wata 'yar wuta ja ta kama, in ya ƙoshi ka mayar. Mutane har daga Nok suna zuwa kallonsa. Ni kuwa haushinsa nake ji, don ya fi ni samun shafa. Amma ƙararsa na sani, kamar ƙudan zuma ya shiga tulu. In na dawo daga rafi na jiyo ta tun daga gindin ɗorawa, na san mutumin yana gida kuma bai ci komai ba.

Zazzaɓi ya ɗauke shi a farkon damina, ko mako bai yi a kwance ba. Ya riga ya gama mana sabon ɗaki, ya rufe da kwano, ƙyaure kaɗai ya rage. Ƙyauren maɗaci ne, mai nauyin tsiya, yana jingine a bango da zanen fensir a jikinsa. Ya sha gaya mini cewa wannan katakon ba ya cin ƙusa, ko ƙusar ta lanƙwashe ko shi ya tsage. Sai an huda an ɗaura sukuru.

A wurinmu ba a taɓa kayan aikin mamaci sai an share makoki. Aka zuba komai a akwatinsa aka kulle, wansa ya tafi da makulli. Damina ta wuce, aka yi girbi, aka shanya citta, akwatin yana rufe. Tsohon ɗakinmu ya zube ta gefe ɗaya, na kwashe komatsaina na koma sabon, na rataya tabarma a bakin ƙofa. Ɗanmu ɗaya ne, yana soja, sai Kirsimeti nake ganinsa in an bar shi. 'Yan zumuntar mata sun yi ƙoƙari, suna zuwa ranar Lahadi bayan sujada su yi mini waƙa da addu'a, amma kowacce tana da tukunya a kan wuta. In sun tafi, ni ce da kaji. Na koyi dafa tuwon acca na mutum ɗaya, kuma har yau ban ga abin da ya kai shi ban haushi ba.

Ranar rabo, 'yan'uwansa suka ɗauki zarto da guduma da abin goge katako. Mahudin hannu, wanda ake juyawa, wani ɗansu ya tafi da shi Kaduna. Wan mijina ya ɗaga injin ya matsa, shiru. Ya girgiza shi ya sake matsawa, shiru. Ya ajiye mini shi da cajarsa a gaba.

"Ga naki," in ji shi da yarenmu. Sannan ya dubi tabarmar da ke bakin ƙofata. "Mace ita kaɗai ba ta zama a ɗakin da ba ƙyaure. In ruwa ya sauka ƙofar nan tana haka, za ki dawo gidana, akwai ɗaki kusa da na uwargida."

Na ce, "Baba, ƙyaure kuwa ga shi can."

"A jingine," ya ce.

Ba mugun mutum ba ne, Allah ya ji ƙansa, kuma ba ƙarya ya yi ba. Amma na san ɗakin da yake nufi, nan ake ajiye buhunan citta. Kuma na san ranar da na fita daga ɗakin da Kafinta ya gina, awaki ne za su gaje shi. Na ɗauki injina na shige.

Da farko abin da kowa ya sani na yi. In batirin tocila ya yi sanyi, a rana muke shanya shi ya ɗan farfaɗo. Na hau turmi na ɗora wannan a kan kwano, ya sha rana har ba ya taɓuwa. Na mayar na matsa, ko tari bai yi ba. Maƙwabciyata ta ce a ajiye shi kusa da murhu. Wani ya ce a ɗan bubbuga shi da dutse, na ce ya je ya bubbuga kansa. Na kai shi ɗakin shan magani na jira aka ta da janareta, na zaunar da shi a cajar yadda na ga Kafinta yana yi. Jar wutar ba ta kama ba. Na cire na goge ƙarafunan da bakin zanena, na tofa yawu na sake gogewa, na mayar. Ma'aikacin wurin ya ce, "Mama, sai dai Kafanchan." A lokacin kuwa hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma, yana watsewa.

Na naɗe injin da cajar a tsohuwar rigar Kafinta, na shiga motar kasuwa. Ban taɓa zuwa Kafanchan ni kaɗai ba. Kullum shi ne a gaba da dogayen ƙafafunsa, ni ina binsa da gudu ina zaginsa. Ranar na sauka na tsaya a tasha kamar an dasa ni, jirgin ƙasa yana kuka, kowa ya san inda za shi ban da ni. Mai gyaran keke ya tura ni wurin mai gyaran agogo, mai agogo ya juya injin ya ce bindiga ce ko me, sannan ya nuna mini wata rumfa a bayan masu hatsi.

Wani dattijon Bahaushe ne mai gyaran rediyo, kakanninsa ma a garin aka haife su. Na gaishe shi, ya ce in zauna a benci. Na dubi bencin na ga ƙafarsa ɗaya ta fi sauran gajarta, na ce a raina da Kafinta yana nan da ya yi magana.

"Baiwar Allah, me ya same shi?"

"Malam, ba ya cin wuta."

Bai yi gaggawa ba. Ya fara da wutar rumfarsa, ya sa ƙwan lantarki ya ga tana nan. Ya karanta rubutun da ke gindin cajar kafin ya jona ta, ya ce wasu kayan Turawa wutar garin nan ƙona su take yi, amma wannan ba ruwanta. Ya taɓa bakin cajar da wayoyi biyu masu ɗan ƙwai a tsakani, ƙwan ya kama. Caja lafiyarta ƙalau ke nan. Ya kankare ƙarafunan batirin da takarda mai yashi har suka yi haske, ya zaunar da shi. Muka zuba wa wurin jar wutar ido, ni da shi. Ba ta kama ba.

Sai ya kwance batirin. A ciki akwai wasu ƙananan batura a jere, duk sun yi farin gari a baki kamar kanwa. Ya ɗan lasa waya ya taɓa, ya girgiza kai. Ya jawo batirin babur ya ɗan ɗosana musu wuta, tartsatsi ya tashi, ya sake gwadawa da ƙwansa. Ƙwan ya yi ja kaɗan, ya mutu.

"Yaushe rabon da a yi aiki da shi?"

Na ce tun farkon daminar bara. Na gaya masa dalili, da akwatin, da makullin.

Ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Mama." Sannan ya ce, "Irin wannan batirin ba ya son zama. In ana aiki da shi ana ba shi wuta, sai ya daɗe. In aka kulle shi ba kowa a kansa, ƙarfinsa ya tsiyaye, ba ya dawowa. Kuma ba za ki sami irinsa ba, ko a Jos."

Haba! Raina ya ɓaci, ban ma san da wa zan yi faɗan ba. Mun kulle kayan ne don girmama mai su, ashe kashe wannan muke yi a hankali. Na fara naɗe rigar ina cewa ya ba ni kayana in tafi, hawaye suna zuba, ni kuwa na tsani kuka a gaban baƙo.

"Tsaya tukuna," in ji Malam. "Batir ne ya mutu. Ba mu tambayi injin ba."

Ya zura wayoyi biyu cikin mariƙin, inda batirin yake zama, ya ɗaura ɗaya bakin a batirin babur ɗin. Ya miƙo mini.

"Matsa."

Na matsa. Abin ya yi tsalle a hannuna, ƙarar nan ta tashi. Yesu! A tsakiyar kasuwar Kafanchan, tsakanin masu dawa da masu gero, sai da na waiga. Allah ya sani na waiga, ina neman dogon mutumin nan da fensir a bayan kunne. Ba kowa sai wani mai ɗaukar kaya da ya tsaya kallo. Na saki, shiru ya dawo. Na sake matsawa. Malam bai hana ni ba, ya juya ya kama gyaran wata rediyo kamar ba ya ji, har na gaji don kaina.

Ya ɗaure mini wayoyin sosai, ya ƙulla jan zare a jikin ɗaya don kada a juya su. Ya ce batirin ƙaramin babur kawai, kada a kuskura a sa na mota. Mataccen batirin ma ya ce in bar shi a nan a zubar, na ce a'a, na sa shi a ƙullin zanena.

A ƙauyenmu babur ɗaya ne, na mai bishararmu. Na same shi ranar Lahadi a ƙofar majami'a na ce ina son aron batirinsa, ya ɗauka rashin miji ya taɓa mini kai. Amma washegari ya turo babur ɗin har bakin ɗakina. Shi da maƙwabcina suka ɗaga ƙyauren suka tsayar a kan duwatsu. Suka so karɓar injin, na hana. Na ga yadda ake yi shekara da shekaru ina kawo abinci, ban zo nan don in yi kallo ba. Duk inda Kafinta ya sa ɗigon fensir, nan na dasa bakin injin na danna da ƙirjina. Garin maɗaci ja ya riƙa zuba a ƙafafuna, da ƙamshin da ke jikin rigunansa. Rami ɗaya ya ɗan karkace, har yau ƙyauren yana kuka in an buɗe. Muka ɗaura hinji, ƙarfen da ƙyaure yake juyawa a kai, mai bishara ya murɗa sukurori. Wan mijina ya zo ya tsaya daga nesa da sandarsa, ya ga ƙyauren ya juya ya rufu. Ya ɗaga mini sandar ya koma.

Saura sakata. Mai bishara ya ɗauko ta daga wani ƙulli da Kafinta ya bari a ɗakin, ya nemi zanen fensir ta ciki, ya tsaya.

"Mama, a nan kam marigayi ya yi kuskure. Dubi inda ya zana, ai ya yi ƙasa da yawa. Sakata a nan ake sa ta." Ya nuna daidai kafaɗarsa.

Na matso na duba. A tsohon ɗakinmu sakatar tana can sama, inda Kafinta ya kafa ta daidai hannunsa tun kafin a kawo ni. Duk zamanmu sai na yi ɗage nake kaiwa, in na gaji in taka kujera. Kullum sai na yi masa mita, kullum sai ya yi dariya ya ce in ƙara cin tuwo ko zan yi tsawo. Ban taɓa jin ya ce zai gyara ba.

Na ɗaga hannuna yadda ya saba tashi, ba ɗage ba komai. Ya sauka daidai kan zanen fensir ɗin.

Na ce, "Ba kuskure ba ne. Riƙe mini wayar."

Da suka tafi, na share garin katakon na zuba a gwangwani tare da mataccen batirin. Ba a yi kwana nawa ba ruwan farko ya sauko da rana tsaka, da iska mai ƙarfi. Na kwashe shanya, na kora kaji, na shiga na turo ƙyauren maɗacin. Ruwa yana dukan kwano, ba mai jin muryar wani ko da akwai wanin. Na tura sakatar ina tsaye a kan ƙafafuna biyu, na ce, "Kafinta, na kai."