Mutanen Cikin Littafin Auta

Ƙanwata ta haye aji na gaba a karatun lauya. Yau duk wanda ya leƙo shagona sai ya ji, ko waldar ƙofa ya kawo ko hanya ya zo tambaya. Ni da na gama firamare da ƙyar, wai autarmu ce ke karanta tsarin mulkin ƙasa.

Auta tun tana ƙarama ba ta da yawan magana, sai dai in gardama ta taso. A jami'a aka haɗa su da tsofaffin shari'o'i, irin waɗanda babbar kotu ta yanke har ake kafa hujja da su. Ita kuma abu ba ya zama a kanta sai ta faɗa wa wani. Inna ce wanin. Inna na gugar kayan mutane, Auta na bakin gado da littafi tana ba ta labari.

Inna dai ta ɗauka mutanen cikin shari'o'in suna nan da ransu.

"Wannan da aka tsare ba a kai shi kotu ba, yana da iyali?"

"Ba a rubuta ba, Inna."

"To me suke rubutawa? An dai sake shi?"

"An sake shi. Ya ma mutu tun ba a haife ki ba."

"Allah sarki. Shi ne sai yanzu kike faɗa mini."

Akwai wata mata da aka kora daga aiki ba a ji ta bakinta ba. Wannan har cikin addu'a Inna ta riƙa sa ta.

Jarrabawa na matsowa Inna ta rasu. Ciwon bai daɗe ba. Auta ba ta yi kuka ba. Ka ce ta ci abinci ta ci, ka ce ta tashi ta tashi. Littafin na kan teburin guga a rufe. Ta ce mini ba za ta rubuta jarrabawar ba. Na san halinta, in ta tsaya yanzu, karatun ya tsaya ke nan.

Na ɗauko littafin na miƙa mata.

"Karanta mini."

"Yaya, ba za ka gane ba."

"Ke dai karanta."

Ta karanta, murya ba hawa ba sauka. Da ta kai ƙarshe na ce, "To wa aka ɗaure?"

"Ba kowa. Majalisa da shugaban ƙasa ne ke jayayya kan wa ke da iko."

"Duk wannan dogon Turancin ba a ɗaure kowa ba?"

Ba ta yi dariya ba, ta dai juya shafi. Daga ranar kullum tana shagona, zaune kan tsohuwar taya, tana karatu ina yankan ƙarfe. Rabin karatun ba na ji. Ban ga alamar ya dame ta ba.

Ranar jarrabawa na kai ta a babur. Ta shiga, ta fito, na ce yaya, ta ce, "Na rubuta."

Yau da safe ta tsaya bakin shago ta ce, "Na ci." Kamar mai cewa ruwan randa ya ƙare. Ni kuwa na saki kan walda har na huda ƙofar mutane. Na zagaya layinmu kaf, har mai gyaran rediyo da muka daɗe ba ma ga maciji sai da na rungume.

Na dawo na tarar tana zaune, hannu a cinya, tana kallon titi.

"Auta, ki ɗan yi murna mana."

"Ina yi," ta ce. Can ta ƙara da cewa, "Litinin za mu koma aji. Ka duba birkin babur ɗin nan."